Babi na Shida: Furfura a Bakin Ƙofar Gidan Yari

A watan Yunin 2019 aka buɗe ƙofar babban gidan yarin Enugu aka fito da wani tsoho mai suna Celestine Egbunuche, wanda aka ce ya cika shekara 100 a duniya. Tun shekarar 2000 yake tsare shi da ɗansa, bisa zargin sun sa an kashe wani mutum kan rikicin fili a jihar Imo, zargin da suka musanta. A 2014 kotu ta yanke musu hukuncin kisa. Rochas Okorocha ne ya yi wa tsohon afuwa kafin ya sauka daga kujerar gwamnan Imo, jaridu kuma suka yi ta murna. Abin da bai ja hankalin masu murnar ba shi ne, a tsawon shekarun nan ɗan nasa ne ke kula da shi a ciki, shi ke yi masa wanki, shi ke ba shi abinci, shi ke riƙe hannunsa saboda idonsa ya yi rauni. Afuwar ba ta haɗa da ɗan ba. Ranar da tsohon ya sami 'yanci ita ce ranar da aka raba shi da mutumin da ya fi kowa sanin lalurarsa.

Gwamnati ba ta ƙin sakin tsofaffi. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa fursunoni kimanin 2,600 afuwa, kuma waɗanda suka kai shekara 60 na cikin rukunin da aka sa a gaba. Gwamnoni ma haka suke yi duk azumi da Sallah da bikin ranar 'yancin kai, alƙalan alƙalai na jihohi kuma in sun kai ziyara Kurmawa ko Goron Dutse ko babban gidan yarin Kaduna, wanda ya tsufa ko ya yi jinya shi idonsu ke fara sauka a kai. Dalilin a fili yake. Tsoho ba ya tsallake katanga, ba ya tayar da tarzoma, sai ciwon suga da hawan jini da kuɗin magani. Sakinsa rage nauyi ne ga hukuma. Nauyin kuwa ba ɓacewa yake yi ba, kan wani yake komawa, kuma sau da yawa ba a shawarci wanda zai ɗauka ba.

A ƙasar Hausa tsufa daban, dattijantaka daban. Tsufa shekaru ke kawo shi ko mutum yana kwance a ɗaki. Dattijantaka kuwa tara ta ake yi, da ƙafa da aljihu da haƙuri. Ka je jana'iza, ka ɗauki makara, ka zauna zaman makoki kwana uku. Ka je suna da sassafe ka karɓi goro. Ka raka ɗan maƙwabci neman aure. Ka duba mara lafiya ka ajiye masa ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙarƙashin filo. Ka shiga tsakanin mata da miji, ka yi wa yaran unguwa tsawa su watse. Shekara talatin mutum yana wannan kafin ranar da za a ce a jira wane ya zo kafin a yanke magana. Zumunci tamkar adashi ne, sai mai zubi yake kwasa. To wanda ya shiga gidan yari yana da shekara 40 ya fito yana da 62 ya dawo da furfurar masu kwasa alhali shekara 22 bai zuba ko sau ɗaya ba. Wannan ita ce matsalarsa ta farko, kafin ma a zo kan tabon laifin da ya yi ko aka ce ya yi. Saurayin da ya yi shekara biyu ya fito yana da sauran lokacin da zai sake tarawa. Shi tsoho ba shi da shi.

Makon farko na lissafin mamata ne. Yana zaune a zaure yana tambaya, ƙaninsa yana amsawa.

"Ina Liman?"

"Ai Yaya, Liman ya daɗe da rasuwa. Ɗansa ne ke jan salla yanzu."

"Sarkin Aska fa?"

"Shi ma Allah ya yi masa cikawa, shekarar da aka yi ambaliya."

"To Gwaggo?"

Sai a yi shiru. An ɓoye masa rasuwarta don kada hankalinsa ya tashi a ciki. A cikin zama ɗaya zai ji mutuwar mutum goma ko fiye, mutuwar da sauran jama'a suka sha ɗaya bayan ɗaya, suka yi kuka suka share hawaye tuntuni. Shi kaɗai ke cikin makoki, kowa na harkarsa. Kuma waɗannan mamatan su ne shaidunsa, su suka san shi tun kafin abin ya faru, su ne za su iya cewa wane da can mutumin kirki ne. Waɗanda suka rage a unguwa yawancinsu ba su san shi da komai ba sai da labarin ɗaurinsa.

Duk da haka, a cikin wannan lissafi mai ɗaci akwai hanyar komawa cikin mutane, kuma dattawan da suka yi dace sukan gane ta da wuri. Gaisuwar mutuwa ba ta tsufa. Ko bayan shekara goma, in mutum ya yi sallama a ƙofar gida ya ce ya zo ta'aziyyar mahaifinku ne, ban samu zuwa a lokacin ba, babu ɗan halak ɗin da zai ƙi shimfiɗa masa tabarma. Ba a bukatar ya yi bayanin inda ya je, kowa ya sani. Za a yi addu'a, a shafa, a ce "Allah ya ba da lada." Ya shiga gidan ke nan da ƙafarsa, da dalili mai mutunci, ba roƙo ya kawo shi ba. In ya zagaya gida goma sha biyar haka, ya sanar da unguwa dawowarsa ta hanyar da babu wanda zai iya kushewa.

Cikin gida ya fi waje wuya. Matar da aka bari da 'ya'ya biyar ba ci ba sha, shari'a ta ba ta damar zuwa gaban alƙali ta nemi a raba auren, domin a mazhabar Malikiyya rashin ciyarwa da dogon rashin miji dalilai ne karɓaɓɓu. Da yawa sun nema, sun sake aure, kuma ban ga laifinsu ba. Wadda ta zauna kuwa ta zama ita ce maigida. Ta yi wankau, ta yi surfe, ta sayar da ƙosai, ta biya kuɗin makaranta, ta aurar da 'ya. Ba za a ce ranar da ya dawo ta miƙa masa linzami ta koma jiran umarni ba. Babban ɗansa, wanda ya bari yana ƙarami, yanzu shi ke auno hatsi. Uban ya ce zai je ya ji batun kuɗin wuta, ɗan ya ce cikin ladabi, "Baba ka huta, an riga an biya." Maganar ba ta da aibu, amma in ana maimaita wa mutum ita kullum, ma'anarta ita ce ba a bukatarka. Ƙananan kuwa an ce musu Baba ya yi tafiya, wasu an ce ya tafi ci-rani Kudu, wasu Saudiyya, har ranar da wani yaro ya goranta musu a makarantar allo.

Ga kuma gona da gado. Mahaifi ya rasu yana ciki, an raba, an ce an ajiye masa kasonsa. Kason nan an jinginar da shi don biyan lauya, ko ɗan'uwa ya shekara goma sha yana nomawa har ya ɗauka nasa ne, ko gari ya cim ma gonar an yanka ta fuloti. A nan ne ake gane dalilin da ya sa wasu dangi ba sa farin ciki da afuwa. Mutumin da aka riga aka cire daga lissafi ya dawo yana tambaya. Rikicin da ke hana tsohon fursuna zama a garinsu, in aka bi diddigi, sau da yawa ba tsoron halinsa ba ne, tsoron haƙƙinsa ne.

A kula da wanda ke karɓarsa in kowa ya noƙe. Yawanci mace ce: ƙanwa, ko 'ya da ke gidan miji, ko tsohuwar uwa in tana raye. Su ne dama masu kai ziyara, masu bin layi a bakin ƙofa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu a leda. Maza kan ji kunyar a gan su a wurin. Matsalar ita ce waɗannan matan ba su da gidan kansu, kuma namiji mai furfura ba ya jin daɗin zama a gidan suruki. Ga mai son karɓarsa ba ta da iko, ga masu iko ba sa so.

Canjin gari ba ya cin lokaci kamar yadda ake zato. Wanda aka kulle a 2000 bai taɓa riƙe takardar naira 1,000 ba, don sai 2005 ta fito, wayar salula ma sai 2001 ta shigo. In Bakano ne zai tarar an hana acaɓa tun 2013, ga gadoji a Ƙofar Nasarawa da Dangi inda ya san fili. Zai tarar ba a sayen layin waya sai da lambar zama ɗan ƙasa, ba a buɗe asusu sai da lambar banki. Duk wannan jika ɗan shekara goma sha biyu zai koya masa a wata guda.

Abin da jika ba zai iya cire masa ba shi ne ɗabi'ar ciki. Mutumin da ya shekara ashirin wani ke buɗe masa ƙofa, wani ke rufewa, yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa da safe yana jira. La'asar na yi hankalinsa ya koma ɗaki, don lokacin kulle ya gabato. Yana cin tuwo da sauri, hannu ɗaya na kare kwano, har ƙanwarsa ta ce, "Yaya ci a hankali, akwai ƙari." Yana ɓoye sabulu da reza a ƙarƙashin katifa. Yana neman izini kafin ya zagaya. In an ɗaga murya ya miƙe tsaye. Mutanen gida kan ɗauki wannan taɓin hankali, su fara raɗe-raɗi, shi kuma ya lura ya ƙara janyewa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba saboda nauyinsa: a ciki, shi wani ne. Gidajen yarin Najeriya cike suke da matasa, mutum wajen 80,000 ne a tsare a 'yan shekarun nan, kusan biyu cikin uku kuma jiran shari'a suke yi. A irin wannan taro wanda ya daɗe kuma ya manyanta shi ne Baba. Shi ke raba faɗa, shi ke faɗa wa sabon shiga yadda ake zama da gandirobobi da yadda ake haɗiye gabza, wataƙila shi ne limamin ɗaki ko mai biya wa yara karatu. Dattijantakar da bai tara a unguwa ba ya tara ta a can, sai dai ba ta fita tare da shi. Aminansa na gaskiya, waɗanda suka yi jinyarsa suka raba bargo da shi, suna bayan katanga ko sun watsu a garuruwa. In ya ce yana kewarsu, a ce bai tuba ba. A Japan an daɗe ana ba da rahoton tsofaffin da ke ɗaukar ɗan abu a kanti da gangan don a mayar da su kurkuku, saboda talauci da kaɗaici. Mu nan yanayin gidajen yarinmu bai kai a yi marmarinsa ba, amma kewar wurin da ake gaishe ka da girmamawa iri ɗaya ce ko'ina.

Me hukuma ta tanada? A shekarar 2019 aka sa hannu kan dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali, ta kuma buɗe sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma da sakin talala da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Dokar ta ba alƙalin alƙalai ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai ga wanda ya ƙare ɗaukaka ƙara ya kuma shekara 10 ba a zartar ba, kuma masu jiran kisa sun haura 3,000. Ma'ana, tsofaffin da za su riƙa fitowa nan gaba ƙaruwa za su yi. A takarda doka ce mai kyau. Amma tallafin bayan fita da aka saba gani shi ne keken ɗinki, injin walda, kayan kafinta, kayan aski. An tsara shi ne don mai shekara 25. Mai shekara 65 da yanar ido da ciwon gwiwa, wace walda zai yi? A watan Nuwamban 2023 ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 ta biya wa mutum 4,068 tara aka sake su, aka ba kowa naira 10,000. Aiki ne na alheri, ba na raina shi. Sai dai kuɗin ba lalle ya kai mutum daga Legas zuwa Sakkwato ba, kuma ko ya kai shi, a tasha zai sauke shi. Daga tasha zuwa tabarmar majalisa babu jami'in da aka ɗora wa wannan tafiya.

Wannan tafiyar mutanen unguwa ke yi da shi, ko su ƙi. Ga yadda takan kasance inda aka dace. Asubar farko ya shiga masallaci bayan an tayar da iƙama, da gangan, don kada a sami lokacin kallonsa. Sa'o'insa suna sahun gaba, kowa da gurbinsa da aka san shi da shi. Shi ya tsaya a ƙarshen sahun baya, kusa da takalma, inda zai fi saurin fita. Ana sallamewa ya yunƙura, sai liman ya juyo ya kira sunansa da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Malam, matso nan mana. Barka da arziki. Allah ya sa kaffara ce." Ya miƙa masa hannu ya riƙe, bai saki da wuri ba. Mai unguwa ya miƙo nasa. Daga nan sauran ba su da zaɓi, don ƙin gaisawa ya zama saɓa wa liman. Minti biyu ne, ba a kashe ko kwabo ba, amma an yanke wa unguwa hukuncin yadda za ta ɗauke shi. Inda ba a dace ba kuwa, liman ya ci gaba da jan carbinsa, kowa ya sa takalmi ya wuce, shirun nan shi ma hukunci ne, kuma yakan daɗe.

Gaisuwa mafari ce kawai. Abin da ke zaunar da dattijo a cikin mutane shi ne a ɗora masa wani abu. Sadaka tana ciyar da shi, tana kuma tabbatar masa da cewa shi abin tausayi ne. Amana ce ke mayar da shi mutum. A ba shi mabuɗin masallaci ya riƙa buɗewa da asuba. A ce ya zauna a shago in mai shi ya tafi kasuwa. A miƙa masa ƙwaryar goro ya raba ranar suna. Babbar jarrabawa kuwa tana zuwa ranar da 'yar ƙaninsa za ta yi aure. A al'ada uba ba ya ba da 'yarsa da kansa, wansa ko ƙaninsa ke waliccin. In aka tsallake shi aka ba wani, duk wanda ya halarci ɗaurin auren ya fahimci saƙon. In kuwa aka ce "ga Baffanta nan, shi zai bayar," ya karɓi sadaki a gaban jama'a ya ce ya bayar, to dangi sun sa hannu a kan dawowarsa. Na san abin da ke sa ƙanin ya yi jinkiri: dangin ango sun yi bincike, kuma ɗaurin uba ko baffa ya sha hana 'yan mata miji. Amma ɓoye mutumin da kowa ya san yana nan ba ya goge labarin, tabbatar da shi yake yi.

Jikoki kuma su ne ƙofar da ba ta da sakata. Wasan kaka da jika ya ba yarinya 'yar shekara biyar damar ta ce masa "tsohon mijina, ina ka tafi ka bar ni?" a yi dariya. Abin da manya suka kasa furtawa ta faɗe shi cikin wasa, an wuce wurin. Uwar da ta hana 'ya'yanta zuwa wurinsa ba tare da dalili ba ta toshe masa hanya mafi sauƙi.

Na ce ba tare da dalili ba, domin wani lokaci akwai dalili. Wanda aka ɗaure kan lalata da ƙananan yara, furfura ba ta sa a bar shi da yara, kuma faɗin haka ba zalunci ba ne. Wanda ya yi kisa ya dawo garin da marayun mamacin suke, afuwar gwamna ta sauke masa hukuncin gwamnati ne kawai. Sashe na 212 na tsarin mulki ya ba gwamna ikon yafe laifin da aka yi wa dokar jiha, bai ba shi ikon yafewa a madadin uwar da aka kashe wa ɗa ba. Irin wannan sai manya sun shiga, hakimi ko dagaci da malamai, a je a nemi gafara, kuma iyalan mamaci suna da damar su ce ba su shirya ba. In sun ƙi, wani lokaci adalci shi ne ya zauna a wani gari wurin wani ɗan'uwa. Sai dai kada a manta da ɗaya ɓangaren, mutumin da ya shekara takwas ko goma yana jiran shari'a, fayil ya ɓace, shaidu ba su zo ba, daga ƙarshe aka ce ya tafi. Kotu ba ta taɓa kama shi da laifi ba, amma unguwa ba ta bambanta shi da ɗan fashi. Sunansu ɗaya, tsohon fursuna.

Kuma kada wani ya ce al'adarmu ce ba ta karɓar wanda ya fito daga kurkuku. Olusegun Obasanjo ya fito a watan Yunin 1998, ranar 29 ga Mayun 1999 aka rantsar da shi shugaban ƙasa. In an ce shi ɗaurin siyasa ne, to Jolly Nyame da Joshua Dariye fa? Kotu ce ta kama tsofaffin gwamnonin biyu da cin dukiyar jama'a a 2018, aka yi musu afuwa a watan Afrilun 2022, suka bar gidan yarin Kuje a watan Agusta, kowannensu ya haura shekara 60. Da Nyame ya isa Jalingo cincirindon mutane suka tare shi. Ashe mun iya tarba. Mai kuɗi ko yana ciki zubinsa bai tsaya ba, ana kai gudummawa da sunansa, ana gaishe da mutane a madadinsa. Talaka ne in an kulle shi ake kulle zumuncinsa tare da shi.

Saboda haka aikin ba ranar fita yake farawa ba. Mai karatu, in kana da wa ko baffa ko maƙwabci a ciki, ka sani fursuna mai kyakkyawan hali ana rage masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, wanda aka yanke wa shekara 15 yana iya fitowa bayan 10, afuwa kuma takan zo ba zato. Ka je ka tambayi jami'in walwala na gidan yarin ranar fitarsa. In an yi rasuwa a faɗa masa a lokacinta, a kuma kai gaisuwa da sunansa. A warware maganar gonarsa tun yanzu a gaban shaidu. A sanar da liman da mai unguwa kafin ya iso, a gyara ɗakin da zai kwana. Ranar da za a sake shi kuma, kada a bar wa ƙanwarsa ita kaɗai tsayuwa a bakin ƙofa, a sami namiji babba daga dangi ya je ya taho da shi.